Labarin tsarin iyali a Tailan ya wuce wasan kwaroron roba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan yadda ake kawo mana labarin tsarin iyali a ƙasar Tailan. Duk sanda aka taɓo zancen, sai a tsaya kan Mechai Viravaidya, fitaccen mai fafutukar tsarin iyali a ƙasar, da barkwancinsa: gasar hura kwaroron roba a makarantu, da gidan abincinsa na Bankok inda ake miƙa wa mutum kwaroro bayan ya gama cin abinci. An yi waɗannan, kuma sun rage wa mutane kunyar maganar. Amma ni a ganina ba su ne suka yi babban aikin ba.

A 1970 gwamnati ta fito da manufar rage saurin ƙaruwar jama'a, aka kuma ba ƙananan ungozomomi damar bayar da ƙwayar hana ɗaukar ciki ba sai an ga likita ba. Da Mechai ya kafa ƙungiyarsa a 1974, sai ya koyar da masu shaguna a ƙauyuka. Mace ta je sayen sabulu, ta karɓo ƙwayarta a hannun wanda ta sani tun tana ƙarama, babu kuɗin mota, babu layin asibiti. Malaman addinin Buddha ma ba su tsaya a hanya ba. Haka aka sauko daga kusan 'ya'ya 6 ga kowace mace a shekarun 1960 zuwa kusan 2 a 1990.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kudancin ƙasar. A lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, inda Musulmi Malayu suka fi yawa, haihuwa ta fi yawa, amfani da hanyoyin zamani kuma bai kai na sauran ƙasar ba. Wasan da ya ba mutumin Bankok dariya ba lallai ya shiga gidan da ake tambayar liman kafin a tambayi ungozoma ba. Wannan ɓangaren ne ya fi kusa da mu.

Sannan yau damuwar hukumomin Tailan ta juya. Tun 2021 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa, kuma a 2024 haihuwa ba ta kai 500,000 ba. Don Allah in za ku sake kawo labarin, ku nemo mana muryar wata ungozoma daga Pattani.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya