Amsa ga Fasto: Shin Falsafar Girkawa Ta Gurɓata Bangaskiyar Annabawa?

Zuwa ga ƙanena Fasto,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kai da iyali da ikilisiya kuna lafiya. Bayan haka, a taron ƙara wa juna sani na malaman Littafi Mai Tsarki ka miƙe ka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake yaɗawa, cewa Ibraniyawa mutanen aiki da biyayya ne, Girkawa kuwa mutanen tunani da gardama, kuma falsafar Girkawa ce ta gurɓata bangaskiyar annabawa, har ya wajaba mu kakkaɓe ta mu koma ga tunanin Ibraniyawa zalla. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa. Bambancin yana nan, kuma yana da nauyi, amma a kan wasu mas'aloli sanannu yake, don haka wanda ya ce maka jinsunan biyu ƙwaƙwalwarsu ce ta sha bamban ya wuce gona da iri.

Bari mu fara da yadda kowane ɓangare ya yi maganar Allah. A Maimaitawar Shari'a sura 26, an umarci manomi ya zuba nunan farin gonarsa a kwando ya kai wa firist, idan aka ajiye kwandon gaban bagade sai ya ba da labari: kakansa Ba'aramiye ne mai yawo, ya gangara Masar da mutane kaɗan, aka bautar da zuriyarsa, suka yi kuka, Ubangiji ya ji, ya fisshe su ya ba su wannan ƙasa. Shaidar bangaskiyarsa ke nan, kuma daga farko har ƙarshe tarihi ne na abin da Allah ya aikata. Aristo kuwa, masanin falsafar Girkawa, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Almasihu, ya bi hanyar hujjar hankali daga motsin halittu har ya isa ga Mai motsarwa wanda shi ba ya motsi, cikakke, wanda ba abin da yake tunani sai zatinsa, domin tunanin abin da bai kai shi ba tawaya ce a gare shi. A wurinsa duniya ba ta da farko. Irin wannan allah ana iya tabbatar da samuwarsa, amma ba a kai masa kuka, alhali a Yusha'u sura 11 Allah da kansa yake cewa zuciyarsa ba za ta bari ya rabu da Ifraimu, wato jama'ar Isra'ila, ba.

Mas'alar da ta fi taɓa aikinka na yau da kullum ita ce ta mutuwa. Aflatun, shi ma masanin falsafar Girkawa, ya ba da labarin ranar ƙarshe ta malaminsa Sukurat a kurkukun Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Almasihu: ya yini yana kafa hujja cewa rai ba ya mutuwa, ya yi wanka don ya hutar da mata wahalar wanke gawarsa, ya karɓi ƙoƙon guba ya shanye hankali kwance, har ya tsawata wa abokansa da suka fashe da kuka. A ganinsa jiki kurkuku ne, mutuwa kuma ita ce ranar sallama. Ka ajiye wannan kusa da daren Getsamani, inda Yesu ya ce ransa yana baƙin ciki har ga mutuwa, ya roƙi almajiransa su zauna a faɗake tare da shi, ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon in mai yiwuwa ne. A nan mutuwa abokiyar gāba ce, kamar yadda Bulus ya kira ta a 1 Korintiyawa 15, domin jiki halittar Allah ne da ya duba ya ce tana da kyau, kuma begen da aka ba mu tashin matattu ne. Shi ya sa mutanen Atina suka saurari Bulus a Tudun Arasa har sai da ya ambaci tashin matattu, sa'an nan waɗansu suka yi masa ba'a. Ina jin ciwo idan na ji mai wa'azi a bakin kabari yana cewa jikin nan ba kome ba ne, yana hana gwauruwa kuka, domin koyarwar Aflatun yake yi ba tare da ya sani ba, kuma wanda ya raina jiki a makabarta da wuya ya ɗauki yunwa da ciwon 'yan ikilisiyarsa da muhimmanci.

Zuwa nan ina tare da masu maganar. Inda na rabu da su shi ne zaton cewa akwai wani tunanin Ibraniyawa da bai taɓa cuɗanya da kowa ba, wanda za mu iya komawa gare shi. Iskandar Mai Girma ya ci ƙasar Yahudiya a shekara ta 332 kafin haihuwar Almasihu, a ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu aka fara fassara Attaura zuwa harshen Girka a Iskandariya, kuma wajen shekara ta 175 babban firist da kansa ya gina filin motsa jiki irin na Girkawa a cikin Urushalima, kafin tawayen Makabiyawa, wato Yahudawan da suka yaƙi mulkin Girkawa, ya ɓarke a 167. Martin Hengel ya nuna a binciken da ya wallafa a 1969 cewa Yahudawan Falasɗinu ma sun daɗe cikin al'adun Girkawa kafin zamanin manzanni. Sabon Alkawari kansa da harshen Girka aka rubuta shi, kuma Bulus ya kafa hujja da baitin mawaƙin Girkawa a wa'azinsa na Atina. Ra'ayin ƙwaƙwalwa biyu ya yi tashe ne bayan littafin Thorleif Boman na 1952, sai James Barr ya rushe ginshiƙinsa a 1961, inda ya nuna cewa nahawun harshe ba ya bayyana yadda al'umma take tunani. Ban da haka, Girkawan ba bakinsu ɗaya ba, domin mabiya Abikuriyos sun ce rai yana ƙarewa tare da jiki, Hirodotus kuma tarihi ya rubuta. Su ma Ibraniyawa suna da Ayuba mai gardama, da Sadukiyawa da suka musa tashin matattu.

Tartuliyan na Kartaj, malamin ikilisiya, ya tambaya wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu ko mene ne haɗin Atina da Urushalima, amma shi kansa da kayan aikin falsafa ya yi muhawara. A majalisar Nikiya ta 325, dattawan ikilisiya sun ɗauki lafazin da babu shi a Nassi don su toshe hanya ga Ariyus, wanda ya koyar cewa Almasihu halitta ne, kuma a fahimtata Ariyus ne ya fi kusa da masu falsafa, tun da abin da ya gagare shi karɓa shi ne Maɗaukaki ya shigo cikin tarihi da kansa. Ba na musun cewa wasu malamai daga baya sun zurfafa a siffanta Allah da rashin taɓuwa har addu'a ta zama abu mai wuyar bayani, kuma gyara wannan da Zabura da annabawa wajibi ne a kanmu.

Maƙwabtanmu Musulmi sun bi ta wannan mararraba, kuma akwai abin koyo a yadda Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi. Ya karɓi mantiƙi, wato ilimin kafa hujja ta hankali, a matsayin ma'auni, amma ya yi tsayin daka a kan mas'aloli uku da masu falsafa suka kauce: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san al'amura ɗaiɗai ba, da musun tashin jiki. Ka lura cewa kusan a wuraren da na ambata a sama ya ja layi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare halaccin mantiƙi a musayar baitoci da Imam Suyuɗi, kuma har yau ɗalibin tauhidi a zaure yana farawa da wajibi da mustahili da ja'izi.

Saboda haka, idan wani ɗalibinka ya kawo maka wannan magana, ka tambaye shi wane Bagirke yake nufi, wane Ba'ibrane, kuma a wane ƙarni. Sa'an nan ka sa shi ya karanta labarin mutuwar Sukurat da Markus sura 14 a zama ɗaya, ya rubuto maka wa'azin jana'izar da zai yi bayan ya karanta su. Zan so ka turo mini abin da ya rubuta mu duba tare.

Naka a cikin hidima,
Yayanka, malamin tarihin ikilisiya