Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da kayan binciken ƙarƙashin ruwa

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan ana lafiya, ya kasuwa.

Na so a ce maganar nan ta ƙare tsakaninmu, amma saƙon muryar da yaronka na sashen ciniki ya turo min ranar Talata da ƙarfe 4:17 na yamma shi ya sa na fito fili. Sakan 38 ne, yana nan a wayata, ga abin da ya ce ban ƙara ko wasali ba: "Alhaji mu kaya muka sayar maku ba ƙwaƙwalwa ba. In mutanenku ba su iya aiki da na'ura ba ku koma nutso da hannu yadda kuka saba, kuma dan Allah ka rage kira, muna da manyan kwastomomi." Daga nan ya toshe lambata. Yaron da na haifi kamarsa.

Tunda ga alama ba a taɓa kawo maka fayil ɗinmu ba, ni ne ma'ajin wata ƙungiyar masu jirage da masunta a yankin Yauri. Abin da ya haɗa mu da ku shi ne hatsarin Warrah na watan Mayu 2021, jirgi ɗaya ɗauke da mutum sama da 150, aka yi kwanaki ana neman gawarwaki. A nan wurinmu in jirgi ya kife Sarkawa ne ke faɗawa ruwa su riƙe numfashi suna lalube da hannu, in ba a dace ba sai a zauna bakin gaɓa ana jiran ruwa ya taso da mutum, wani lokacin ma can nesa zai taso, wani ba zai taso ba sam. Tun da aka datse Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da dazuzzuka, har yau akwai itatuwa tsaye a ƙasan tafkin, su ke fasa jirage kuma su ke riƙe gawa. Shi ya sa muka ce bari mu haɗa jirgi ɗaya tak na bincike, ko ba a ceci rai ba a samu a yi wa mutum sutura iyalinsa su huta.

Kuɗin nan ba gwamnati ta ba mu ba. Karo-karo ne na shekaru, ɗari biyar biyar duk ranar kasuwa, da gudummawar masu albasa da dillalan kifi da 'yan'uwanmu da ke Legas.

A takardar farashin da kuka sa wa hannu da hatimi abu uku ne. Sona, wato na'ura mai gani cikin ruwa da amon sauti, mai duba gefe da gefe, irin wadda ake ja da waya a bayan jirgi tana zana hoton ƙasan ruwa dama da hagu. Na'urar nutso mai igiya da ake sarrafawa daga sama, da fitilu da kyamara da hannun kamu, a jikinta kuma da ƙaramar sona mai nuna hoto. Sai horon kwana biyar a kan ruwanmu. Duka naira miliyan 31 da dubu 600. Ranar 12 ga Fabrairu muka tura miliyan 20, alat na shiga kuka kira har da addu'a, sauran muka cika bayan sallah da kuka ce kaya sun iso tashar jirgin ruwa. Daga baya aka ce mu ƙara dubu ɗari takwas da wani abu wai dala ta tashi, muka ƙara, aka sake cewa kastam, muka ƙara. Sati shida kuka ce, sai da damina ta yi nisa kaya suka zo.

To me aka kawo? Maimakon sonar da ake ja, an kawo mana irin wadda masu kamun kifi na nishaɗi ke ɗaurawa a gindin jirgi. Ba na ce ba ta aiki ba, a ruwa mara zurfi tana nuna abu, amma ita sonar ja amfaninta kenan a sassauta waya ta sauka kusa da ƙasa, daga can ne abin da ke kwance ke yin inuwa a allo har a bambance mutum da kututture. Wadda ke manne da jirgi duk igiyar ruwan da ta kaɗa mu sai hoton ya karkace, a wuri mai zurfi kuwa ɗigo kawai kake gani. Kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, ko kusa, kun fi ni sani.

Na'urar nutson ta zo, amma ba sonar a jikinta, gurbin ne kawai da ramukan kusoshi. Ranka ya daɗe nan ne fa zuciyata ta fi ƙuna, domin kafin mu biya ko sisi sai da na tura maku bidiyon ruwanmu, na ce ku duba da kyau wannan ba ruwan teku ba ne, lokacin farin ruwa na damina kogin Neja kamar kunu yake, ka sa hannunka ba za ka gan shi ba, sai baƙin ruwa ya iso daga can Gini wajen hunturu yake ɗan washewa, kuma hatsari ya fi yawa ne daidai lokacin da ruwa ya cika ya yi laka. A irin wannan ruwan kyamara makauniya ce, in ka kunna fitila ma abin ya ƙara lalacewa don hasken laka yake bugawa ya dawo maka. Sonar ce idon na'urar. Injiniyanku da bakinsa ya ce min haka, shi ya sa muka yarda da ƙarin kuɗin sonar. Yanzu an cire idon an kawo mana gangar jiki ana ce mana ba mu da ƙwaƙwalwa.

Igiyar mita 200 aka rubuta, mun auna 100 ce. Batir biyu, ɗaya ya kumbura tun cajin farko. In ruwa na gudu sosai igiyar ke jan na'urar ta tafi da ita, farfelunta ba su da ƙarfin tsayawa wuri ɗaya, wannan ma ba wanda ya gaya mana.

Horo kuwa, mai horon ya zo da azahar, ya jefa na'urar a wurin wankan otal inda ruwa ke garau har kana ƙirga tayil, ya ɗauki hotuna da yaranmu, washegari da asuba ya kama hanya wai ana nemansa a Fatakwal. Hotunan nan na gan su a shafinku na Facebook an rubuta kun tallafa wa al'ummar bakin kogi. Tallafi! Da kuɗinmu.

Watan jiya kwale-kwale ya kife da mata masu dawowa daga kasuwa, muka fita da jirgin, jama'a sun cika gaɓa suna kallon mu don sun san da kuɗinsu a ciki, allo ba ya nuna komai sai ja-ja. Ƙarshenta yaran nan da yaronka ke wa gori su suka tuɓe suka faɗa ruwa. Washegarin ranar na kira ofishinku har batirina ya mutu.

Abin da muke nema: ku kawo sonar ja da muka biya, ku ɗaura wa na'urar sonarta, ku cika igiya, ku canja batir, ku turo mai horo ya yi kwana biyar ɗinsa a kan kogi ba a otal ba. In ba za ku iya ba ku dawo mana da kuɗinmu cif, har da ƙarin dala da na kastam da ba a taɓa ba mu resit ɗinsu ba. Ku sauke hotunan yaranmu. Shi kuma mai saƙon murya ya ba da haƙuri a rubuce.

Kuma kifi na ganinka mai jar koma. Da na fara tambaya sai na ji ba mu kaɗai ba ne, akwai wasu a kan wani dam da aka kai wa irin wannan akwati da gurbi ba sona. Ni dai yanzu ban yarda kuskure ba ne. Kun lura duk sanda jirgi ya kife a arewa hankali na tashi a tara kuɗi, kun kuma lissafa cewa masunta ba za su karanta takardar Turanci su gane lambar kaya ba, manyan kwastomomin naku na kamfanonin mai su kuwa ba ku isa ku cire masu ko kusa ɗaya ba. Da mutuwar mutanenmu kuke kasuwa.

Mun ba ku zuwa ƙarshen watan nan. Bayan haka takardar farashi da shaidar biyan kuɗi da saƙon muryar za su tafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da wurin lauyanmu, kwafi kuma ga hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta NIWA da duk wata ƙungiyar masu jirage daga Yauri har Lokoja.

Na gode,
Ma'ajin ƙungiya, a madadin membobi.