Awujale Adetona: Akantan da ya shekara 65 a gadon sarauta

Edita, assalamu alaikum.

Rasuwar Buhari ranar 13 ga Yulin 2025 ta danne labarin wani babban rashi da aka yi a ranar: Awujale, wato sarkin ƙasar Ijebu ta Yarbawa a jihar Ogun, Oba Sikiru Adetona. Wallahi abin yana damuna.

Ɗan gidan sarautar Anikinaiya ne, haifaffen 1934. Ya yi aikin binciken kuɗi a Ibadan, yana tsaka da karatun akanta a Ingila aka kira shi gida, aka naɗa shi a 1960 yana ɗan shekara 25.

Ya tsaya kai da fata a bar kowane basarake a binne shi bisa addininsa, kuma jana'izar Musulunci aka yi masa. Don Allah ku kawo mana cikakken tarihinsa. Allah ya jiƙansa.

Naku,
Mai karatu