Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiya, Yamai

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Bana ma zaman ƙarshen wata bai tsaya ba, sai na watan azumi da muka ɗage. Wanda ya fi cika shi ne ranar da ɗalibanmu na Jami'ar Abdou Moumouni suka yi bayani kan girafin mai ramuka, da ake gwadawa don cike gurbin ƙashi.

Girafin kabon ne zalla, kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ware shi a Manchesta a 2004, suka samu kyautar Nobel a 2010. Inda ya shafe mu kuwa, duk wanda ya bi majiyyacin da aka sa wa ƙarfe ya san matsalar: titaniyom, wato ƙarfen da ake sa wa majiyyacin, ya fi ƙashi tauri nesa ba kusa ba, sai ya ɗauke nauyin duka, ƙashin gefensa ya rasa aiki ya riƙa sirancewa, wani lokaci har ƙarfen ya yi sako-sako. A 2016 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka sun haɗe ɓarɓashin girafin da wutar lantarki da matsi, ya zama dunƙule kamar soso, kusan rabinsa ramuka. Ta waɗannan ramuka ake fatan jijiyoyin jini da sabon ƙashi su ratsa.

Sai dai a kula. Abin yana ɗakin gwaji, ba a sa wa majiyyata shi. Mun ji wani cikinmu ya ce wa dangin mai karaya su dakata da aiki, sabon abu na tafe. Don Allah kada a sake.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne zagayen tashoshin 'yan kabu-kabu da zama da maɗora. Ba mu je da raini ba, shi ya sa suka saurare mu. Wasu maɗoran sun yarda cewa karayar da ƙashi ya huda fata, ko ƙafar da ta kumbura ta yi sanyi bayan ɗauri, asibiti za su tura ba da jinkiri ba.

Kuɗin wata-wata dai bai shigo yadda ya kamata ba, abin da ya hana mu zuwa Tawa ke nan. Masu bashi su ga ma'aji kafin babban taro, inda za a zaɓi sabon kwamiti.

Sakataren ƙungiya