Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Riƙe Zarto A Gida Ba Alamar Talauci Ba Ce

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin kallon da mutanenmu suke yi wa duk mai aikin albashi idan aka gan shi da zarto da guduma a ƙofar gidansa.

Ni malamin makaranta ne a nan Kano, na haura shekara 20 ina koyarwa, kuma ban taɓa tunanin zan riƙe zarto ba sai a 2020 lokacin kullen korona da aka rufe gari aka hana kowa fita. Kabad ɗin kicin na maiɗakina ne ƙasansa ya sha ruwa ya kumbura, irin allon nan ne na MDF wanda garin katako ne kawai aka matse da gam, da ruwa ya taɓa shi sai ya koma kamar burodin da aka tsoma a shayi, ƙofa ta zazzago, tukwane duk a ƙasa, ga shi babu kafintan da za ka kira ya zo. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu tsohon kafinta ne, idonsa ya fara rauni ya ajiye aikin, sai na je aron guduma a wurinsa. Ya ce Malam ai guduma kaɗai ba za ta yi maka ba, ya shiga ɗaki ya fito da zarto da tef na awo da sikwaya ta daidaita kusurwa a cikin wani tsohon buhu, ya ce in fito da kabad ɗin zaure. Nan ya zauna a kan tabarma yana cewa auna nan, ja layi nan, kar ka danne zarton ka bar shi ya ci da kansa. Kafin la'asar mun cire ruɓaɓɓen mun sa sabon katako daga wata tsohuwar ƙofa da take jingine a bayan gida. Wallahi Edita daɗin da na ji ranar da na ga maiɗakina tana mayar da tukwanenta ciki, har yau ban manta shi ba.

Daga nan abin ya shiga raina. Duk Asabar da Lahadi bayan na gama duba takardun yara sai in fito da kayana zaure.

To a nan ne maganganu suka fara. Wani ya tsaya ya ce Malam lafiya dai, ko albashin ne bai shigo ba? Wani ɗan uwana na jini har gida ya same ni ya ce ina zubar wa da dangi mutunci, wai ɗalibaina za su wuce su gan ni da ƙurar katako a gemu. Na ji zafin maganar nan sosai, ba don kaina kawai ba, don na gane cewa a idonsa shi kafinta ba mai mutunci ba ne ke nan. Kuma fa mu ne muke iya zama a majalisa tun bayan la'asar har isha'i ana cacar baki a kan ƙwallo da siyasa, ko mutum ya kwana yana latsa waya, babu mai cewa ya zubar da mutunci, amma wanda ya zauna yana haɗa wa 'ya'yansa teburin karatu shi ne abin tausayi. Ina roƙon masu irin wannan tunani su tuna cewa hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Annabi Nuhu (AS) da hannunsa ya ƙera jirgi mutanensa suna wucewa suna yi masa izgili. Mumbarin Manzon Allah (SAW) kansa wani kafinta ne ya haɗa shi a Madina, yaron wata mata daga cikin Ansar. Shi ma Manzon Allah (SAW) yakan gyara takalminsa ya ɗinke tufarsa ya taya iyalinsa aikin gida. To wane ne mu kuma?

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Turmi da taɓarya da akushi da muciya da kujera 'yar tsugunno da allon karatu da ƙotar fartanya, duk masassaƙanmu ne suka yi su da gizago tun kafin a san wani abu wai shi inji. Kakanninmu sun san kirya ce ta turmi saboda taurinta, sun san azarar giginya gara ba ta cika yi mata komai ba shi ya sa za ka ga soron da ya ga jikoki da tattaɓa kunne rufinsa yana nan. Ilimi ne babba, mu ne da muka yi boko muka ɗauka duk aikin da zai sa ka yi gumi ba namu ba ne.

Bari in faɗa wa duk mai sha'awar farawa abin da ya fi komai muhimmanci, don ni sai da na yi asara na gane shi. Abu na farko da na haɗa daga tushe benci ne na zaure, a tsakiyar damina na je kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa na zaɓo falanki masu kyau a ido, na kawo gida washegari na fara aiki, mako biyu ina kansa, na goge shi da samfefa na shafa banish yana ƙyalli. Da hunturu ya shigo sai wata rana da dare muka ji ƙas! kamar an karya kara. Da safe na duba, saman bencin ya tsage tun daga baki har kusan tsakiya, falankin biyu da na haɗa sun rabu har ɗan yatsana yana shiga tsakaninsu, ƙafa ɗaya ta ɗage daga ƙasa. Da na nuna wa Baba, wato tsohon kafintan nan maƙwabcinmu, sai ya ce ɗanyen katako ka saya. Shi ne ya yi mini bayani cewa yawancin katakon da muke saya, su afara da obeche da iroko, daga dazukan kudu ake lodo su, wuraren su Ondo da Edo da Kuros Riba inda ake ruwa kusan kullum, suna zuwa da ruwa a jikinsu, da iskar hunturunmu ta buge su sai ruwan ya fita da sauri katakon ya tsuke, ya murɗe, ya tsage. Da damina kuma ya sake shan laima ya kumbura, shi ya sa za ka ga ƙofa tana ƙin rufuwa a watan Agusta amma a Janairu har haske kake hangowa ta gefenta. Ya ce in za ka saya ka ɗaga shi ka ji, ɗanye ya fi nauyi, ka ɗora bayan hannunka ka ji ko da sanyi-sanyi, ka runtse ido ɗaya ka hango shi daga baki zuwa baki ka ga ko ya lanƙwashe. Kuma ko ka saya kar ka yi gaggawa, ka jera shi a kwance a inuwa ba a rana ba, ka sa 'yan sanduna a tsakanin kowane falanki da ɗan uwansa don iska ta riƙa ratsawa, ka ɗora abu mai nauyi a sama, ka bar shi ya yi watanni. Yanzu ni katakon da zan yi aiki da shi bayan sallah tun kafin azumi yake jere a gidana, wani ma tun bara.

Maganar kayan aiki kuwa kar wani ya tsorata da abin da yake gani a bidiyon Turawa a YouTube, ɗaki guda cike da injina. Ba ka buƙatar wannan, ga kuma halin da wutar lantarki take ciki. Zarto mai kaifi, guduma, tef, sikwaya, kurfi guda biyu ƙarami da babba, sukudireba, fensir, samfefa da gam, sun ishe ka shekara guda kana aiki. Tsaga babban falanki da kankare shi kuma a kasuwa ake yi, akwai masu inji a nan wurin, ka je da awonka a rubuce ka biya su ɗan abin da ba a rasa ba su yanka maka. Ka dai san yaren kasuwar, tu-bai-tu da tu-bai-tiri da tu-bai-fo da wan-bai-tuwel, wato kauri da faɗin katako a inci, yawanci tsawon ƙafa 12, filawud kuma ƙafa 4 ne da ƙafa 8, in ka tsara awonka a kan wannan ba za ka yi ɓarna da yawa ba.

Sai 'yan dabaru da Baba ya koya mini waɗanda ban taɓa gani a littafi ba. In za ka buga ƙusa kusa da bakin katako ka fara dakushe tsininta da guduma, ba za ta tsaga shi ba. In sukuru ya ƙi shiga ka goga masa sabulu. In ka haɗa firam ɗin tebur ko kanta kana so ka san ko ya miƙe, ka auna daga wannan kusurwa zuwa waccan ta ƙetare, ka sake auna ɗaya ɓangaren, in awon ya zo ɗaya to ya zauna daidai. Samfefa ka fara da mai kaushi lamba 80, ka koma 120, ka ƙare da 220, kuma ka bi yadda jijiyar katakon ta kwanta kar ka gitta ta. Ƙafar kujera ko tebur kuwa ƙusa kaɗai ba ta riƙe ta, dole sai ka fafe rami a jikin ƙafar da kurfi ka fere bakin ɗaya katakon ya shige ciki cif, sannan gam. Wannan haɗin sai da na ɓata wajen guda goma kafin ɗaya ya zauna yadda ake so, kuma shi ne bambancin kujerar da za ta shekara biyu da wadda jikanka zai zauna a kai. Gara kuma a yi maganinta tun kafin a haɗa, ko Solignum ko baƙin mai ga abin da zai zauna a waje. Don Allah a sa takunkumi lokacin guga musamman ƙurar MDF da ta iroko, kuma kurfi da zarto a kulle su inda yara ba za su kai ba.

Zuwa yanzu na haɗa kantar littattafai, teburin karatun yara, 'yan kujerun kicin guda huɗu, abin ajiye takalma, da mariƙin Alƙur'ani na mahaifiyata wanda na yi da guntun maɗaci. Ban ce na zama gwani ba, gado da wadirob har yanzu wurin masu sana'ar nake zuwa. Amma yanzu ba a yi mini rufa-rufa. Duk uban da ya aurar da 'ya ya san yadda kayan ɗaki suke karya ƙugu, a ci bashi a sayo saiti mai sheƙi, kafin amarya ta yaye ɗan fari fatar jikinsa ta fara ɓarewa sukurori sun saki, saboda allon garin katako ba ya riƙe sukuru in aka kwance shi aka sake ɗaurawa sau biyu sau uku, ga mu kuma da yawan tashi daga gidan haya. Da ƙanwata za ta yi aure ni na raka su, na leƙa bayan kayan na ƙwanƙwasa na ce wannan a'a wancan e.

Wani abin kuma da ya canja a wurina shi ne na daina yi wa kafinta cinikin wulaƙanci. Da can ina cikin masu cewa don wannan ɗan aikin za ka ce kaza? Yanzu da na san yini nawa kujera ɗaya take ci, da yadda kafaɗa take kwana tana ciwo, in ya faɗi kuɗinsa ina jin nauyin in raba shi biyu. Masu tsoron wai in kowa ya koya kafintoci za su rasa aiki, ni abin da na gani akasin haka ne, wanda ya san aikin shi ne yake neman mai kyau ya biya da daraja.

Akwai dai abin da yake damuna game da itatuwan kansu. Maɗobiya da muke da ita a dazukan Taraba da maƙwabtanta an yi mata yankan ƙare dangi ana lodawa zuwa Chaina, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da namun daji masu fuskantar ƙarewa take sa wa ido a 2017. Kirya kuma tana ƙarewa a buhunan gawayi. Shi ya sa ni yawancin aikina da melina nake yi tunda ita shuka ta ake yi kuma tana saurin girma, ko tsofaffin ƙofofi da tagogi daga gidajen da ake rushewa, waɗanda ma sun riga sun bushe ƙayau. Na kuma dasa maɗaci biyu a filin makarantarmu tare da ɗalibai.

A matsayina na malami dole in taɓo makarantu. Tsarin 6-3-3-4 da aka shigo da shi a farkon shekarun 1980 ya zo da darasin Intro Tek don yaro ya taɓa katako da ƙarfe da hannunsa tun yana ƙaramar sakandare, amma yau a makarantu da yawa zanen zarto ake yi wa yara a allo su kwafa a littafi su haddace sunansa don jarrabawa. Yaran unguwarmu da ɗan uwana yake tsoron kar su gan ni, su ne yanzu suke cika mini zaure ranar Asabar suna rigimar wa zai riƙe tef, akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ta fi su duka iya karanta awo.

Roƙona gare ka Edita, yadda kuke ware shafin girke-girke da na wasanni, ku ware ko rabin shafi ne duk mako na aikin hannu a gida. Ku je Na'ibawa da Rijiyar Lemo, ku je Panteka a Kaduna, ku zauna da tsofaffin kafintoci da masassaƙa ku ɗauko abin da yake kansu da Hausar da suke faɗarsa, ku sa hoto da awo yadda mai karatu zai iya haɗa ko 'yar kanta ce. Baba maƙwabcina yanzu ko layin fensir ba ya gani, da tafin hannu yake shafa aikina ya gaya mini inda bai kwanta ba, kuma ya ce in kun tashi zuwa ku fara da zaurensa.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka wannan jarida.

Naku mai karatu,
Wani malamin makaranta daga Kano