Wasan harbi: a tambayi ido kafin a tambayi hannu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna a harkar wasan harbi, wato sanin idon da ke jagora wajen saiti, wanda na lura ko masu koyarwa ba kowa ne ya damu da shi ba, alhali shi ne ke kashe wa sababbin shiga gwiwa tun kafin su je ko'ina.

Lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024 duniya ta ɗauki hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda ya ci azurfa a harbin fistol ta iska na mita 10 tare da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan, kowa na ta maganar hannunsa ɗaya a aljihu da yadda ya fito ba wasu tarkace a fuska sai tabarau ɗinsa na yau da kullum. Ni kam ba aljihun na kalla ba, idanunsa na kalla, duka biyun a buɗe suke. A gasar ɗin dai Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ita ma ta ci azurfa, amma nata gilashin akwai ɗan marfi da ya tare mata ido ɗaya. Mutane sun ɗauka gayu ne, wannan ya yi nasa salon waccan ta yi nata. Ba gayu ba ne wallahi, tambaya ɗaya suke amsawa kowa ta hanyarsa: da wane ido zan yi saiti, kuma ya zan yi da ɗayan?

Kamar yadda mutum ke da hannun da ya fi amfani da shi, haka yake da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi yarda da shi wajen sanin inda abu yake. Ba sabon ilimi ba ne, wani masani ɗan Italiya Giambattista della Porta ya rubuta a kai tun 1593. Kusan mutum 2 cikin 3 idon dama ne ke jagora, sauran yawanci na hagu, sai 'yan kaɗan da ba wanda ya rinjayi wani sosai. To amma bahagwai kusan 1 ne cikin 10. Ka ga ko a lissafi mutane da yawa hannunsu na dama ne idonsu kuma na hagu, ba su ma sani ba, don a rubutu ko tuƙi ko karatu ba abin da zai tona asirin. Sai ranar da aka ce ka jera ido da bakin bindiga da abin harbi a layi ɗaya.

Ni ina cikinsu. Na fara da harbin faifan yumɓu, wanda inji ke cillawa sama ka bi shi da bindiga mai watsa harsashi, kuma na yi kusan shekara 3 ina kuskure ta gefe ɗaya, kullum hagu, kullum hagu. Kocin da na fara da shi ba irin laifin da bai ɗora mun ba, yau ya ce ina ɗago kai daga gindin bindiga, gobe ya ce ina fizgar kunama, jibi ya ce tsayuwata ce ba daidai ba, ni kuma ina ta gyarawa ina ƙona harsashi ba canji, har na fara tunanin ko dai abin ba nawa ba ne in haƙura. Ko sau ɗaya bai taɓa duba idona ba. Wani dattijo ne da ya daɗe a wasan ya tsaya bayana wata rana ya kalli harbi biyar zuwa shida, ya ce yaro ajiye bindigar nan ka miƙo hannuwanka. Cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ya gano abin da aka kasa gani a shekara 3. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, ba don kuɗin harsashin ba, don yaran da na ga sun bar wasan a gabana waɗanda watakila matsalarsu kenan.

Bari in faɗi dalilin da ya sa abin ya fi muni a irin wannan bindigar. Ita ba ta da saitin baya, ɗan ƙwallo ne kawai a bakinta, idonka shi ne saitin baya. In ka ɗora ta a kafaɗar dama, idon dama ne ke kan layin bututun, amma idan na hagu ne jagora shi zai ƙwace aikin ba tare da ka ji komai ba, ya jera ƙwallon da faifan daga inda yake. Tsakanin ido da ido wajen santimita 6 ne, daga ido zuwa bakin bindiga kuma bai cika mita ɗaya ba, to ka ja wannan 'yar karkatar zuwa mita 30 ka gani, harbin zai iya wucewa ta hagun faifan da kusan mita 2. Faifan kuma faɗinsa santimita 11 ne kacal. A idonka ka saita daidai, rantsuwa ma za ka yi, amma bindigar wani wuri daban take kallo.

Gwajin ba wuya, gani ya kori ji, mai karatu ya gwada yanzu. Miƙa hannuwanka biyu gaba, ka haɗa su ka bar 'yar ƙaramar kafa tsakanin manyan yatsu da manuniya, ka kalli wani abu mai ɗan nisa ta cikin kafar da ido biyu a buɗe. Sai ka rufe na hagu. In abin yana nan cikin kafar, na dama ne jagora, in ya yi tsalle ya ɓace to na hagu ne. Ko kuma ka jawo hannuwan a hankali zuwa fuskarka ba tare da ka daina kallon abin ba, idon da kafar ta sauka a kai shi ne. A maimaita sau da yawa kuma a ranaku daban-daban, saboda wasu nasu yana sauyawa in sun gaji, wasu kuma shekaru ne ke sauya musu.

To in an gano fa? A fistol da sauƙi, tunda ba a kafaɗa take ba, ɗan juya kai kaɗan ko matsar da hannu ya kawo ta gaban idon da ke jagora, shikenan. A doguwar bindiga ta harbin takarda ma akwai mafita, yawancin 'yan wasa suna sa ɗan marfi gaban idon da ba ya saiti, hukumar wasan ta duniya ISSF ta yarda da shi in bai wuce faɗin milimita 30 ba, har ma ta yarda da na'urar madubi ga wanda ke harbi daga kafaɗar dama da idon hagu, muddin ba ta ƙara girman abu. Kuma a wasan da da'irar maki 10 a bindigar iska ɗigo ne na rabin milimita, ba ƙaramin abu ba ne a ce idon da ya fi ƙarfi ne a bayan saiti.

Inda ake gardama shi ne harbin faifai, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Sabon shiga, musamman yaro, a bi ido a sauya kafaɗa. Hannu yana koyon sabon aiki, ido kuwa ba ka cika iya lallashinsa ya sauka daga jagora ba. Masu cewa ai ba zai yiwu mutum ya koma hagu ba su je su karanta tarihin Károly Takács, sojan Hungari da gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koma ya koyi harbi da hagu, ya ci zinare a Landan a 1948 ya sake ci a Helsinki a 1952. Shi dole ce ta sa shi, kuma fistol ce da hannu ke yin kusan komai. Balle wanda hannuwansa biyu lafiya lau, ɗaya zai riƙe gaba ɗaya ya ja kunama. Ni da na koma kafaɗar hagu na sha wuya wata biyu zuwa uku, ɗaga bindigar ma sai na yi tunani, kullum ina atisaye a ɗaki da bindiga ba harsashi, amma daga ranar da jikina ya karɓa faifan da nake gani shi nake fasawa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wa mutum kawai ka runtse ido ɗaya. Shi ne maganin da kowa ke saurin bayarwa kuma yana da tsada. Ka rasa wani ɓangare na filin da kake gani, faifan ya fito ba ka gan shi da wuri ba, auna nisa ya ragu, fuska ta ɗaure ta gaji, kuma idon da ke buɗen ma ba ya sakewa in ɗan'uwansa a matse yake, a gasa mai tsawo za ka ji a jikinka.

Amma ba na cewa kowa sai ya sauya. Wanda ya shekara 20 yana harbi daga dama, ko mai ciwon kafaɗa, gara ya manna ɗan guntun salatif mai duhu-duhu ko ya shafa ɗigon basilin a gilashinsa daidai inda idon hagu ke hango bakin bindiga, idon na buɗe haske na shiga amma ba zai iya ƙwace saitin ba. Akwai ma maƙeran bindiga a Ingila da ke lanƙwasa gindin ta yadda tana kafaɗar dama amma bututun na gaban idon hagu, sai dai aikin musamman ne ba kowa ke kai wa gare shi ba. Sannan a sani ido jagora ba lallai shi ne ya fi gani tar ba, wani jagoran nasa ne ma mai rauni, irin wannan sai ya fara ganin likitan ido kafin ya yanke shawara, kar ya sauya kafaɗa a banza.

Roƙona ga masu koyarwa, ranar farko kafin ku tambayi yaro da wane hannu yake rubutu, ku sa shi ya miƙo hannuwansa ya leƙa ta kafar nan, har da masu koyar da harbin baka don su ma abin ya shafe su. Ku kuma Edita, in wakilanku na wasanni za su yi hira da 'yan wasan harbi, dan Allah su riƙa tambayarsu da wane ido suke saiti da kuma wa ya fara duba musu, ina so in ji amsoshin.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu, ɗan wasan harbi