Zuwa ga Sani, a Bronx, birnin New York na Amurka

Sani,

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya, jikin Hajiya ma da sauƙi. Kawunka ya kira ranar Juma'a, a cikin hira ya ce kana shirin ajiye darasin Sifaniyanci na wannan zangon don ka samu lokacin tsaron shagon wani. Tun ranar mahaifiyarka ba ta yi barcin kirki ba.

Bizar da ke hannunka F-1 ce, ta ɗalibai, sharaɗinta kiredit 12 (ma'aunin nauyin darussa) a kowane zango, kuma darasi ɗaya tak na intanet ake ƙirgawa a ciki. Kai kuwa 12 cif ka ɗauka. Ranar da ka cire Sifaniyanci ba tare da sa hannun jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba, ka faɗo ƙasa ke nan, a rufe sunanka a SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗaliban ƙasashen waje, takardarka ta I-20 da ke shaida kai ɗalibi ne ta tashi aiki. Ba mai sauraron uzuri bayan nan. Aikin da doka ta yarje maka na cikin makaranta ne, awa 20 a mako. Tsaron shagon wani a waje ba da izini ba kuwa, laifi ne na biyu a kan na farko. Wa ya ba ka wannan shawarar? Shi takardunsa irin naka ne? Don ka tsaya bayan kanta muka rabu da filin Ɗorayi? Ka san abin da aka ce da ni lokacin, na toshe kunne, saboda na yarda da hankalinka.

Na san darasin ya yi nauyi. Zango na biyu dama nan ake jin jiki, inda za ka rarrabe pretérito da imperfecto, sigogi biyu na lokacin da ya shuɗe, ga subjuntivo, sigar fata da shakka, yana jiranka a gaba. Amma darussan sarƙa ne, guda huɗu a jere, biyu na farawa, biyu na matsakaici, ba a shiga na gaba sai an ci na baya. Ka ajiye ɗaya, komai ya ja baya da zango guda, ga W, alamar janyewa daga darasi, a takardar sakamakonka, ga kuɗin makaranta na ɗan waje da za mu sake biya. Ka riƙa zuwa ɗakin ƙarin darasi sau biyu a mako, kyauta ne, kuma ka samu malaminka a lokacin da ya ware wa ɗalibai. Maƙwabtanka 'yan Dominika za su buɗe maka kunne da baki, ka yi ta hira da su, sai dai suna haɗiye harafin s a ƙarshen kalma, malami kuwa zai rage maka maki in ka rubuta yadda ka ji. Kada makinka ya sauka ƙasa da C.

Batun komawa Lehman kuma, kwalejin da ake yin digiri na shekara huɗu, kada ka yi garaje. Ka kammala kiredit 60 ka karɓi shaidarka ta karatun shekara biyu tukuna. A tsarin Pathways na darussan gama-gari a CUNY, jami'ar birnin New York, mai wannan shaidar, kiredit 6 kawai za a ƙara masa na darussan gama-gari, wanda ya tafi babu ita 9 ne ko 12. Kafin ka yi rajistar kowane darasi ka duba shi a Transfer Explorer, shafin CUNY na intanet, ka ga ko za a ƙirga shi cikin fanninka ko na cike gurbi ne kawai. In sun ɗauke ka, ka kai takardar ɗaukar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarka su mayar da SEVIS ɗinka can, a ba ka sabuwar I-20.

In kuɗi ne suka yanke, ni za ka gaya wa, ba kunya tsakanina da kai a nan. Zan turo ta hannun kawunka ƙarshen wata. Ka ɗauko min hoton jadawalin darussanka a WhatsApp kafin Litinin, kuma ka kira mahaifiyarka yau. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka